Daga Saman Soro Zuwa Bakin Burtali: Tailscale Ta Gama Mini Komai

Ni dai ban ga manhajar da ta shiga raina kamar Tailscale ba. Duk wanda ya taɓa zama da ni a rumfar mai shayi a Sassumbrum ya sani, in aka taɓo zancenta sai shayina ya huce ban kurɓa ba. Abokai sun gaji da ni, har wani ya ce ko kamfanin biyana yake yi. Ko dala ba su taɓa ba ni ba, ba su ma san da zamana a duniya ba. Abin da ta yi mini ne ya isa a rangaɗa mata guɗa. Ina tsaye a tsakiyar gona, nesa da gari, wayata tana karɓar gyaran GPS daga wata ƴar kwamfuta da na bari a ɗaki, ta rezon salula, sakan bayan sakan, kuma awon da nake yi ba ya kaucewa da fiye da santimita 2 ko 3. Ban sayi adireshi na musamman a wurin kamfanin waya ba, ban yi hayar saba a Turai ba, ba wanda nake biya kuɗin wata in ban da ƴan megan da nake sa wa layi.

Baƙo zai ce mene ne abin zumuɗi a kan santimita. To bai san ƙasarmu ba. A ƙidayar 2012 gundumarmu ta Magaria kaɗai ta haura mutum rabin miliyan, kuma a lokacin an riga an yanke Dungass daga jikinta tun 2011. Daji ya ƙare, saura ta zama labari. Gonar kaka an raba wa ƴaƴa, an sake raba wa jikoki, iyakar kuwa tushen gamba ce, ko layin aguwa, ko wani gawo da kowane ɓangare ke rantsuwa a gefensa yake. Garmar shanu ta ci kunya ɗaya bana, ta ƙara ɗaya baɗi, kafin shekara goma burtali ya tsuke har shanu ba sa wucewa sai sun taɓa gero, daga nan sai sanda da gatari. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar take da dokar karkara, wadda ta haifar da kwamitocin ƙasa, COFO, daga na ƙauye zuwa na komin da na gunduma, kuma takardunsu suna kashe wutar rigima da yawa. Amma takarda tana son lamba. GPS na wayar hannu yana iya kuskure da mita 3 zuwa 5. A gona mai tsawon mita 100, kuskuren mita 3 a gefe guda fili ne mai murabba'in mita 300, wanda a nan ya isa ya raba wa da ƙane har kabari. Ko iyakar Najeriya da ke kudu da mu, Tilho Bafaranshe da O'Shee na Ingila sun yi ta bin ta daga 1906 zuwa 1908 suna duban taurari, suka kafa alamu 148 tsakanin kogin Neja da tafkin Chadi. Abin da suka sha wuya a kansa da ayarin raƙuma, yau yaro da sanda da waya yana yin wanda ya fi shi daidai kafin la'asar.

Dabarar ana kiranta RTK. Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, kuma kafin saƙonsu ya iso ƙasa sai ya ratsa iskar sama mai ɗauke da lantarki, wadda ke jinkirta shi, ga kuma ɗan kuskuren agogon tauraron da na hanyar da yake bi. Sai dai na'urori biyu da ke kusa da juna kusan kuskure iri ɗaya suke gani. Saboda haka a kafa ɗaya a wurin da aka san lambarsa sarai, ba ta motsi, ita ce tashar gida. Ɗayar tana kan sandar awo tana yawo. Ta gida tana aika wa ta yawo abin da take ji kowane sakan, ita kuma ta cire kuskuren, ta ƙirga igiyoyin saƙon da kansu, waɗanda kowace tsawonta wajen santimita 19 ne, har ta san a wane ɓangaren igiya take tsaye. Hanyar aika wannan gyara ta intanet sunanta NTRIP, hukumar taswira ta Jamus da ke Frankfurt ce ta fito da ita, ta zama ƙa'ida a 2004, kuma an saba bi da ita ta ƙofa mai lamba 2101.

Kayan da a da sai babban ofishin safiyo ke iya saye sun faɗo ƙasa warwas tun da kamfanin u-blox na Suwizalan ya fitar da ZED-F9P a 2018. Ɗan mitsitsin abu ne, amma yana sauraron GPS na Amurka, da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin, duka a lokaci guda. Allon da ke ɗauke da shi wajen Yuro 200 ne, wato kimanin jika 130 na sefa, ban da eriya da kuɗin hanya da na duwan. Biyu nake da su. Na gida yana manne da Raspberry Pi, kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, a cikinta akwai RTKBase, manhajar kyauta da Stéphane Péneau ya rubuta a kan RTKLIB na Tomoji Takasu, malamin jami'a a Tokyo. Da ita manoman Faransa suka cika ƙasarsu da tashoshin Centipede tun daga 2019. Eriyar tana saman soro a kan ginshiƙin siminti da na sa magini ya zuba, don iskar farkon damina ba ta da mutunci, kuma in eriya ta gusa da faɗin yatsa duk awon ranar ya gusa da ita. Pano da batir ke riƙe da kayan. Wanda ya ga yadda jihar Damagaram ta kwana cikin duhu bayan Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ba ya jingina irin wannan aiki da wayar kuran.

Duk wannan ya tafi lafiya lau a cikin gida. Ka haɗa waya da wifi na ɗaki, ka rubuta adireshin kwamfutar, gyara ya zubo. Ka hau moto ka fita bayan gari, ka koma kan rezon salula, shiru kake ji. Nan ne mutane da yawa ke jefar da abin su ce kayan jabu aka sayar musu.

Kayan lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin yadda intanet ɗin salula yake. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyarsa ta ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kusan duk kamfanonin salula na duniya suna tara dubban masu layi a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar babban gidan haya ne mai zaure ɗaya, da mai gadi a bakin ƙofa. In kai ka aiki yaro waje, mai gadi ya gan shi da zai fita, zai bar shi ya dawo da saƙo. Amma in baƙo ya yi sallama daga waje yana neman ka, mai gadi bai san ɗakinka ba, ba kuma zai tambaya ba, sai ya ce babu mai wannan suna a nan. Tashata tana cikin irin wannan gida, wayata tana cikin wani. Ka buɗe ƙofar 2101 a modem ɗinka yadda ka ga dama, zauren ba naka ba ne. Ka yi rajistar suna mai bin adireshi, sunan zai nuna zauren ne kawai. Ko Starlink, da ya shigo Nijar a hukumance a 2025, a tsarinsa na gida haka yake tara mutane a bayan adireshi ɗaya.

Akwai hanyoyin kewayewa, kuma ba na raina su. Ƴar rediyo tsakanin tasha da sanda tana aiki, sai dai tudun rairayi da gawo suna cinye saƙon kafin a yi nisa. Hayar saba a waje tana son katin banki da kuɗi duk wata. Wadda ta fi su duka ita ce RTK2go, dandalin kyauta da ke Amurka: tasharka ta tura gyara can, wayarka ta ɗauko daga can, mai gadi bai hana kowa ba tunda kowa fita ya yi. Allah ya saka wa masu ita. Amma abu uku ne suka hana ni sakin jiki da ita. Wurin da tasharka take yana bayyana ga duk mai duba jerin, ni kuwa ba na son duniya ta san a kan wane soro kayana suke. Na biyu, tashar tana turawa dare da rana ko akwai mai saurare ko babu. Gyaran kimanin kilobait 1 ne a sakan, wato mega 3 zuwa 4 a awa, a wata ya haura giga 2, duk a kan layin da kai ke sa wa kuɗi. Na uku, wanda ya fi ciwo, gyara kawai kake samu. In kwamfutar ta yi gardama kana Yekuwa ko bakin iyaka, ba ka da hannun da za ka taɓa ta, sai ka juyo gida.

Sai Tailscale. Wallahi ranar da na fara gwada ta sai da na tashi tsaye. Ka sa ta a Raspberry Pi da layin umarni guda, ka sa ta a waya, ka shiga da asusunka na Google a duka biyun, shi ke nan. Kowace na'ura ta samu adireshinta na dindindin mai farawa da 100, wanda ba ya canzawa ko da wane layi ka hau. Ka buɗe SW Maps, manhajar awon da wasu ƴan Nepal suka yi, ka rubuta wannan adireshi, ka sa 2101, ka zaɓi sunan tasharka. Gyara ya fara zuba. Babu shiga cikin modem, babu roƙon kowa a ofishin kamfanin waya.

Abin da ke ƙarƙashinta ma abin so ne. WireGuard ne, ramin sirri da Jason Donenfeld ya ƙirƙira, wanda aka shigar cikin zuciyar Linux a Maris 2020. Layukan rubutunsa ba su wuce kimanin 4,000 ba, a inda takwarorinsa ke da ɗaruruwan dubbai, shi ya sa ba ya cin batir ba ya nauyi. Tailscale, kamfanin Kanada da aka kafa a 2019, ta ɗora masa wayon da ya rasa. Kowace na'ura tana ƙera makullanta biyu, na sirri ya zauna a cikinta ba ya fita, na fili ta miƙa wa sabar kamfanin. Sabar ta gaya wa waya inda tasha take leƙowa, ta gaya wa tasha inda waya take leƙowa, sai su biyun su aika wa juna saƙo a lokaci ɗaya. Mai gadin kowane ɓangare ya ga kamar amsar abin da ya fita ce ke dawowa, sai ya buɗe hanya. Wannan wayo ya kai wayo! In kuma rezon ya yi taurin kai ya ƙi, sai saƙon ya bi ta tashoshin relay na kamfanin, akwai a Turai, akwai a Johannesburg, kuma a kulle yake wucewa, su kansu ba sa iya karanta shi. Na ɗauka wannan zagaye zai ɓata awo. Ko kaɗan. RTK yana haƙuri da gyaran da ya makara da sakan ɗaya ko biyu, tafiya Turai da dawowa kuwa ba ta cin ko rabin sakan in rezo na da lafiya.

Ku zo ku ga abin a gona. Sanda mai tsawon mita 2, eriya a kanta kamar faifan tuwo, ƴar kwalabar ruwa mai kumfa a tsakiya. Ka dasa tsinin a gindin gamba, ka daidaita har kumfar ta shiga da'ira, ka riƙe numfashi. Allon waya ya fara nuna kuskuren mita ɗaya da wani abu, ya rubuta FLOAT, lambar tana saukowa, santimita 40, 20, sai kawai ta faɗo 0.014, ya rubuta FIX, alamar awo ya zauna daidai. Har yau in na ga wannan sai tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo da muka je raba musu gonar gado ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ɗana, wannan sandar taka da wa take magana?" Na ce, "Baba, da ɗakina take magana, can cikin gari." Ya ce, "To in da gaske take, mu gwada ta." Ya sa aka binne tsinken kara a inda na auna, aka share wurin da reshe har ba alama, muka zagaya gonar muka dawo ta wata kusurwa. Wayar ta ja ni, gaba kaɗan, hagu kaɗan, tsaya. Jikansa ya tona da yatsa, ga kara. Dattijon ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe mai gari, ka gani fa, wannan ba ta karɓar goro."

Mu mutanen bakin iyaka akwai wata ni'ima da sai mu za mu gane ta. A gonakin kudu layin Nijar yakan yi rauni, na Najeriya ya shigo da ƙarfi daga ɓangaren Daura, shi ya sa kusan kowa ke yawo da layi biyu a waya. Ka sauya daga wannan zuwa wancan, adireshin da kamfani ya ba ka ya canza, ƙasar ma ta canza a idon intanet, amma lambar nan mai farawa da 100 tana nan daram. Ramin ya sake haɗa kansa cikin ƴan sakanni, FIX ya dawo, ba ka taɓa komai ba. Kuma tunda mai rabon gyaran yana cikin kwamfutata ne, ba ya tura komai sai na nema. In na yi awa 4 a gona, abin da ya tafi bai fi mega 15 ba, ƙasa da bidiyo guda na WhatsApp. In ban fita ba, layin gida yana hutawa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne hannun da ta ba ni. Daga inuwar gawo ina buɗe shafin RTKBase a waya, in ga sandunan ƙarfin kowane tauraro suna rawa, kore da ruwan ɗorawa, in ga zafin kwamfutar, wanda a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, dole a sa masa ido. In wani sashe ya tsaya in tayar da shi, in ta kama in kashe kwamfutar gaba ɗaya in kunna. In abokin aiki yana son gyara, in raba masa tashar daga asusuna, in ya gama in janye. Duk wannan a tsarin kyauta na mai amfanin kansa, wanda yawan na'urorin da ya yarda da su ya fi ƙarfin buƙatata nesa ba kusa ba.

Masoyi ma yakan yi ƙorafi. Makullin kowace na'ura yana mutuwa bayan kwana 180 in ba a hana ba, don haka ranar farko ka shiga shafin kula ka kashe wannan ga tashar gida, in ba haka ba wata rana za ta rufe maka ƙofa kana tsakiyar aiki. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tanadin batir, sai ka cire Tailscale da SW Maps daga wannan jeri da hannunka. Waya ba ta ɗaukar ramin sirri biyu a lokaci guda, in kana da wani VPN sai ka sauke shi. Kuma gaskiya ne ka dogara da sabar wani kamfani wajen gabatar da na'urorinka ga juna. Mai son ya riƙe komai a hannunsa akwai Headscale, wadda ke yin wannan aiki a kan sabarka, sai dai ka koma gidan jiya na haya da katin banki. Inda babu rezo sam, babu abin da za ta yi maka, sai ka ajiye bayanan sanda da na tasha ka haɗa su da RTKLIB in ka dawo gida.

Wasu abubuwan kuma ba laifinta ba ne, na sama ne. Muna wajen digiri 13 arewa, kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda iskar sama ke rikicewa bayan faɗuwar rana, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta kamar 2024. Da magariba za ka ga FIX yana zuwa yana tafiya kamar mai jin kunya. Awon safe ya fi, daga hantsi zuwa azahar. Ƙarƙashin gawo ma a kula, domin shi da rani yake da ganye, lokacin da aka fi yin awo, kuma ganye yana tare saƙo. Sannan lambar tashar kanta sai an same ta da kyau. Na bar tawa ta yi sauraro na awa 24, na aika bayanan ga CSRS-PPP na gwamnatin Kanada, kyauta, suka dawo mini da lamba. A rubuta ranar da aka yi, saboda farantin ƙasar Afirka yana gusawa arewa maso gabas da santimita 2 da ɗoriya kowace shekara. Mu a yanki na 32 na tsarin lambobin taswira na UTM muke, a tabbata an sa shi daidai kafin a miƙa wa kowa lamba.

Kada kuma wani ya ɗauka sanda ta mai da shi hukuma. Awona taimako ne ga masu gona da mai gari da kwamitin COFO, takardar mallaka kuwa tana da masu ita, taswirar ƙasa tana hannun hukumar IGNN a Yamai da masu awon da gwamnati ta amince da su. A halin tsaron da ake ciki, kafin ka dasa eriya a soro ko ka shiga gonakin bakin iyaka da sanda mai faifai a ka, je ka gaida mai gari, ka sanar da hukumar komin, ka nuna musu abin da na'urar ke yi.

Kuskuren ZED-F9P santimita 1 ne, da ƙarin milimita 1 a kan kowace kilomita da ka yi nesa da tasha, kuma in an wuce kilomita 30 FIX yakan fara wuyar samu. Tashar Sassumbrum ta ishi ƙauyukan komin ɗinmu. Dungass kuwa ta yi mata nisa ƙwarai, can sai an kafa tata. Wani abokina da ke aikin lambunan rani a wajen ya riga ya yi odar allonsa, ni kuma na ce masa ya zuba ginshiƙi tun yanzu siminti ya bushe. In kayan sun iso ba sai na hau moto ba, ya sa Tailscale kawai ya raba mini, sauran saitin daga ɗakina zan yi masa.